Sabunta Manhajar Kariyar Kwamfuta da Sarrafa Saitunanta: Misali daga Microsoft Defender

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin abin da ake nufi da sabunta manhajar da ke kare kwamfuta daga miyagun manhajoji, da yadda ake ƙaura daga tsohuwar sigarta zuwa sabuwa, da kuma yadda ake sarrafa saitunanta bayan ƙaurar. An ɗauki Microsoft Defender a matsayin misali, kasancewar ita ce take zuwa a cikin Windows 10 da Windows 11. An rarrabe matakai uku na sabuntawa, an kawo abubuwan da suka faru a shekarun 2010 da 2017 da 2024 domin nuna illar ƙin sabuntawa da illar yin ta da gaggawa. Maƙalar ta tabbatar da cewa kasancewar manhajar kariya a kwamfuta bai isa shaidar tsaro ba, har sai an duba kwanan watan sabuntawarta, an tantance saitunanta, sannan an gwada ta.

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya shafe shekara biyu yana rubuta kundin digirinsa yakan ɗauki filas ya kai shagon buga takardu, ya dawo ya soka shi a kwamfutarsa, sai ya tarar fayilolinsa sun ɓuya, an maye gurbinsu da wasu gumaka marasa amfani. Abin da yakan fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Ai kuwa ina da manhajar kariya." Gaskiya ya faɗa, yana da ita. Sai dai idan aka bincika, akan tarar ko dai ta yi watanni ba ta karɓi sabuntawa ba, ko lasisinta ya ƙare, ko kuma wani ya kashe wani ɓangare nata tun ranar da ake ɗora wata manhajar sata, aka manta ba a sake kunna shi ba.

Manhajar kariya tamkar mai gadi ce wanda yake aiki da kwatancen ɓarayin da aka ba shi da kuma umarnin maigida. Idan kwatancen ya tsufa, sabon ɓarawo zai wuce ta gabansa. Idan kuma maigida ya ce kada a binciki duk wanda ya shigo ta ƙofar baya, mai gadi zai bi umarni ko da wane ne ya shigo. Kwatancen nan shi ne abin da sabuntawa take gyarawa, umarnin kuwa shi ne saiti. A kan waɗannan abubuwa biyu wannan maƙala ta ginu.

2.0 Yadda Manhajar Kariya ke Gane Mugun Abu

Muguwar manhaja ita ce duk wadda aka rubuta domin cutar da kwamfuta ko mai ita. Akwai mai yaɗa kanta daga fayil zuwa fayil, akwai mai satar kalmomin sirri, akwai mai leƙen asiri, akwai kuma mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa. Manhajar kariya tana farautar su ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce kwatanta fayil da kundin alamomi. Kowace muguwar manhaja da masana suka riga suka kama tana da wata alama da ke bambanta ta, kamar yadda zanen yatsa ke bambanta mutum. Ana tara waɗannan alamomi a kundi guda, a riƙa auna duk fayil ɗin da ya shigo da su. Hanya ta biyu ita ce lura da ɗabi'a. Idan wata manhaja ta fara sauya ɗaruruwan takardu a cikin daƙiƙa kaɗan, ko tana ƙoƙarin kashe tsaron kwamfutar, akan tsayar da ita ko da ba a taɓa ganin irinta ba. Hanya ta uku ita ce tambayar rumbunan kamfanin ta intanet, inda ake aika bayanin fayil ɗin da ake tuhuma, amsa ta dawo nan take.

Ita Microsoft Defender ta samo asali ne daga wata manhajar yaƙi da leƙen asiri ta kamfanin GIANT, wanda Microsoft ya saya a watan Disamba na 2004. An fito da ita da sunan Windows Defender a 2006, a lokacin aikinta bai wuce kama manhajojin leƙen asiri ba. Sai a Windows 8, wadda ta fito a 2012, ta zama cikakkiyar manhajar kariya. Wannan tarihi ya nuna cewa suna ɗaya yana iya ɗaukar sigogi masu ƙarfi daban-daban, don haka sanin sunan manhaja bai wadatar ba sai an san sigarta.

3.0 Matakai Uku na Sabuntawa

Kalmar "sabuntawa" ta ƙunshi abubuwa uku mabambanta, kuma rashin rarrabe su ne ke sa mutum ya zaci ya gama aiki alhali kashi ɗaya kawai ya yi.

Mataki na farko shi ne sabunta kundin alamomi. Wannan shi ne mafi yawan aukuwa, domin Microsoft yakan fitar da shi sau da yawa a rana guda. Cibiyar AV-TEST da ke birnin Magdeburg na ƙasar Jamus, wadda ke gwada ingancin irin waɗannan manhajoji, ta bayyana cewa tana rajistar sababbin miyagun manhajoji da waɗanda ba a so sama da 450,000 a kowace rana. Saboda haka kundin da ya yi wata guda ba a taɓa shi ba ya yi nisa da halin da ake ciki.

Mataki na biyu shi ne sabunta injin bincike, wato ɓangaren da ke buɗe fayil ya karanta cikinsa. Shi ma mutane ne suka rubuta shi, don haka yana iya samun ɓaraka. A watan Mayu na 2017, masu bincike biyu na kamfanin Google, Tavis Ormandy da Natalie Silvanovich, suka gano wata ɓaraka a injin binciken Microsoft. Ɓarakar ta kai ga cewa mahari zai iya aiko da wani fayil na musamman, da zarar injin ya bincika shi sai maharin ya sami iko da kwamfutar, ko da mai ita bai buɗe saƙon ba. Microsoft ya toshe ta cikin 'yan kwanaki, kuma gyaran ya isa ga mutane ne ta hanyar sabunta injin. Wanda ya rufe ƙofar sabuntawa a lokacin ya zauna da mai gadin da ya zama ƙofar ɓarawo.

Mataki na uku shi ne ƙaura zuwa sabuwar sigar manhajar baki ɗaya. A nan ne ake samun sababbin dabarun kariya da sababbin saituna, a kuma yi watsi da wasu tsofaffi. Ga Defender, wannan yakan zo ne kusan kowane wata ta hanyar Windows Update. Ga manhajojin wasu kamfanoni kuwa, wani lokaci sai mai kwamfuta ya sauke sabuwar sigar da kansa.

Akwai abu na huɗu da ke wajen manhajar kariya amma yake ɗaure da ita, wato sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Harin WannaCry na ranar 12 ga Mayu, 2017, wanda ya shafi ƙasashe kimanin 150, ya kuma dagula ayyukan asibitoci da dama a Ingila, ya bi ta wata ɓaraka ce a Windows wadda Microsoft ya riga ya fitar da gyaranta tun ranar 14 ga Maris na shekarar. Waɗanda abin ya fi shafa su ne waɗanda ba su ɗora gyaran ba. Haka nan, tallafin Windows 7 ya ƙare ranar 14 ga Janairu, 2020, na Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba, 2025. Mai gadi komai ƙwarewarsa ba zai iya tsare gidan da katangarsa ta zube aka daina gyara ta ba.

4.0 Lokacin da Sabuntawar Kanta ta Zama Matsala

Domin ta iya tsayar da muguwar manhaja, dole manhajar kariya ta sami iko mai zurfi a cikin kwamfuta, irin wanda sauran manhajoji ba su da shi. Wannan iko ne ya sa kuskurenta yake da tsada.

A ranar 21 ga Afrilu, 2010, kamfanin McAfee ya fitar da kundin alamomi mai lamba 5958. Kundin ya tuhumi wani muhimmin fayil na Windows XP mai suna svchost.exe da zama muguwar manhaja, aka kawar da shi, kwamfutoci masu yawa suka shiga mutuwa da tashi ba ƙaƙƙautawa. Shekara goma sha huɗu bayan haka, ranar 19 ga Yuli, 2024, wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da na'urorin Windows da Microsoft ya ƙiyasta yawansu ya kai miliyan 8.5. Jiragen sama sun kasa tashi, bankuna da asibitoci da gidajen talabijin sun sami cikas. Kamfanin ya janye sabuntawar cikin ƙasa da awa biyu, amma na'urorin da suka riga suka karɓe ta sai da aka bi da yawansu ɗaya bayan ɗaya aka gyara da hannu. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido.

Darasin da za a ɗauka ya bambanta bisa ga matsayin mutum. Mai kwamfuta ɗaya bai kamata ya jinkirta sabunta kundin alamomi da injin bincike ba, domin irin wancan kuskure jefi-jefi yake faruwa, miyagun manhajoji kuwa kullum suna tafe. Abin da zai zaɓar wa lokaci shi ne ƙaura zuwa sabuwar siga, kada ya yi ta a daren da zai miƙa aiki washegari. Shi kuwa mai kula da ɗakin kwamfutoci ko na'urorin ma'aikata, sai ya fara gwada sabuwar siga a kan na'urori biyu ko uku, ya ga yadda suka kwana, sannan ya faɗaɗa. Kamfanin CrowdStrike da kansa ya yi alkawarin bin irin wannan tsari na daki-daki bayan abin da ya faru.

5.0 Matakan Ƙaura zuwa Sabuwar Siga

Da farko a yi kwafin ajiya na muhimman fayiloli a wani faifai na waje, a kuma cire shi daga jikin kwamfutar bayan an gama. Kwafin da ke maƙale da kwamfuta yana cikin haɗari ɗaya da ita.

Na biyu, a rubuta saitunan da ake amfani da su a yanzu, musamman jerin abubuwan da aka keɓe daga bincike da lokutan binciken da aka tsara. Wasu manhajoji sukan ba da damar adana saitunan a fayil guda. Amfanin wannan shi ne a sami abin kwatantawa bayan ƙaura, domin sabuwar siga tana iya mayar da wani saiti yadda kamfani ya tsara shi, ko ta gaji wani tsohon kuskure.

Na uku, a tabbatar da cewa sabuwar sigar ta dace da Windows ɗin da ke kan kwamfutar, kuma lasisi bai ƙare ba. A duba agogo da kwanan watan kwamfutar, domin idan sun kauce sosai, kamar yadda yakan faru idan ƙaramin batirin da ke riƙe agogo ya mutu, kwamfutar takan kasa amincewa da shafin da za ta sauko da sabuntawa daga gare shi.

Na huɗu, a sauke manhajar daga cikin ita kanta tsohuwar ko daga shafin kamfanin da ya yi ta. Duk wata sanarwa da ta yi tsalle ta fito a shafin intanet tana cewa an gano cututtuka a kwamfutarka, ka latsa nan ka sabunta, tarko ce. Shafin intanet ba shi da hanyar bincika faifan kwamfuta haka kawai. Manhajar kariya ta sata kuwa, wadda aka fasa lasisinta, daidai take da ɗaukar mai gadi daga hannun wanda ba a san ko wane ne ba.

Na biyar, idan sauya kamfani za a yi, a cire tsohuwar manhajar tukuna. Manhajojin kariya biyu masu gadi a lokaci guda sukan yi karo, su nauyaya kwamfuta, wani lokaci ɗaya ta tuhumi ɗayar. Manyan kamfanoni irin su McAfee da Norton da Avast da Kaspersky suna da kayan cirewa na musamman da ke share ragowar da cirewa ta yau da kullum take bari. An tsara Windows 10 da 11 ta yadda Defender takan janye idan an ɗora wata manhajar kariya, ta kuma dawo bakin aiki idan an cire waccan ko lasisinta ya ƙare. Sai dai ragowar tsohuwar manhaja tana iya rikita wannan tsari, don haka a duba da ido.

Na shida, a tabbatar akwai isasshen caji ko wuta kafin a fara, domin yankewar wuta a tsakiyar aiki tana iya barin manhajar rabi da rabi. Bayan an gama a kashe kwamfutar a sake kunna ta, a sabunta kundin alamomi nan take, sannan a yi cikakken bincike.

Wanda ke amfani da data mai tsada ya lura cewa idan ya saita layinsa a matsayin mai iyaka, Windows takan jinkirta wasu sabuntawa. Ga kwamfutar da ba ta hawa intanet kuwa, Microsoft yana ajiye kundin alamomi a shafinsa a matsayin fayil guda da za a iya saukewa a wata na'ura a kawo a ɗora.

6.0 Saitunan da Suka Fi Muhimmanci

Ana samun saitunan Defender a cikin Windows Security, a sashen kariya daga cututtuka da barazana. Guda shida ne suka fi cancantar kulawa.

Na farko shi ne gadin nan-take, wanda ke bincika kowane fayil a lokacin da ake buɗe shi ko sauke shi. Shi ne ƙashin bayan kariyar. Idan aka kashe shi a Defender, yakan sake kunna kansa bayan ɗan lokaci, amma wannan ɗan lokacin ya ishi muguwar manhaja ta shiga. Duk manhajar da umarnin ɗora ta ya ce sai an kashe kariya, abar tuhuma ce.

Na biyu shi ne kariyar da ke tambayar rumbunan kamfani ta intanet. Barin ta a kunne yana rage tazarar da ke tsakanin bayyanar sabuwar cuta da isowar alamarta. Na uku yana tafiya tare da shi, wato aika samfurin fayilolin da ake tuhuma zuwa kamfanin. Defender takan nemi izini kafin ta aika fayil ɗin da take ganin yana iya ƙunsar bayanan mutum. Duk da haka, manazarcin da ke riƙe da hirarrakin da ya yi wa masu su alkawarin sirri ya kamata ya karanta irin wannan tambaya da kyau kafin ya amsa.

Na huɗu shi ne kariya daga katsalandan, wadda ke hana wata manhaja kashe muhimman saitunan tsaro ta bayan fage. Miyagun manhajoji da yawa sukan fara da ƙoƙarin kwance wa mai gadi makami, don haka wannan saiti ya kasance a kunne koyaushe.

Na biyar shi ne taƙaita shiga ma'ajiyar fayiloli, wanda aka ƙara a Windows 10 a 2017 domin tunkarar manhajojin neman fansa. Yana hana manhajar da ba a amince da ita ba sauya abin da ke cikin ma'ajiyar takardu da hotuna da makamantansu. A kashe yake zuwa, sai mai kwamfuta ya kunna shi. Yakan tare wasu manhajoji na ƙwarai, kuma maganin hakan shi ne a ba wa wadda aka sani izini ita kaɗai.

Na shida, kuma mafi haɗari, shi ne jerin keɓewa. A nan ake umartar manhajar da ta kau da kai daga wani fayil, ko ma'ajiya, ko nau'in fayil, ko wata manhaja mai gudana. An tanadi wannan ne domin magance tuhumar kuskure. Amma wanda ya keɓe ma'ajiyar da saukakkun fayiloli ke sauka, ko faifan kwamfutar gaba ɗaya, ya sallami mai gadinsa, alhali alamar manhajar tana ci gaba da nuna cewa komai lafiya. Muguwar manhajar da ta sami ikon shugaban na'ura ma takan saka sunanta a jerin. Saboda haka bayan kowace ƙaura a buɗe jerin, a goge duk abin da ba a tuna dalilin saka shi ba, a kuma taƙaita sauran zuwa fayil guda maimakon ma'ajiya sukutum.

Dangane da abin da aka kama, killacewa ta fi gogewa. Fayil ɗin da aka killace ba ya iya aiki, amma ana iya dawo da shi idan ta tabbata tuhumar kuskure ce. Game da bincike kuwa, akwai na gaggawa mai duba wuraren da cuta ta fi ɓuya, da cikakke mai bin kowane fayil, da na zaɓi wanda ya dace da filas, da kuma wanda ake yi kafin Windows ta tashi domin kama cutar da ta iya ɓoye kanta yayin da kwamfuta ke aiki.

7.0 Tabbatar da Cewa Kariyar na Aiki

Bayan ƙaura, abubuwa uku ne ke ba da tabbaci. Na farko, a buɗe shafin bayanin manhajar a karanta lambar sigarta da ta injin bincike da kwanan watan kundin alamomi. Idan kwanan watan ya wuce kwana biyu ko uku alhali kwamfutar tana hawa intanet, akwai abin da ke tare sabuntawa. Na biyu, a kwatanta saitunan yanzu da waɗanda aka rubuta kafin ƙaura. Na uku, a yi gwaji da fayil ɗin EICAR, wanda ɗan gajeren rubutu ne mai haruffa 68 da ba ya cutar da komai, amma kamfanonin kariya suka amince su riƙa kama shi tamkar cuta. Idan aka sauke shi manhajar ta tare shi, gadin nan-take yana aiki. Idan ya zauna lafiya ba wanda ya tanka masa, to akwai gyara. Kada a kuskura a yi gwaji da muguwar manhaja ta gaske.

8.0 Kammalawa

An ga cewa sabunta manhajar kariya ya ƙunshi kundin alamomi da injin bincike da sigar manhajar kanta, kuma dukkansu suna dogara da lafiyar babbar manhajar kwamfutar. An ga cewa ƙin sabuntawa ya jawo asara a 2017, sabuntawa mai kuskure ita ma ta jawo a 2010 da 2024, wanda ya sa kwafin ajiya da gwaji daki-daki suka zama wajibi. An kuma ga cewa saiti guda, musamman a jerin keɓewa, yana iya rushe amfanin sabuwar siga baki ɗaya. Abin da ake buƙata daga mai kwamfuta bai wuce minti goma a wata ba: ya duba kwanan watan sabuntawa, ya leƙa jerin keɓewa, ya tabbatar gadin nan-take da kariya daga katsalandan suna kunne, ya kuma sabunta kwafin ajiyarsa. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ga wanda aikin shekarunsa ke cikin faifai guda, wannan minti goma ba ta da tsada.